Kafin ka sallami mai haɗa maka talabijin ɗin talla, zare filogin

Wani Alhaji mai gidan abinci ya kira ni da hantsi, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, abin nan da ka haɗa min ya lalace." Kwana uku ke nan da na kafa masa talabijin a saman kanta, na saka bidiyon abincin da suke sayarwa da farashin kowanne, in ya ƙare ya koma farko. Da na isa sai na tarar talabijin lafiyarta ƙalau, kokawa ce a kan allo, yaran shago biyu sun jingina da firji sun saki baki. Ashe wuta aka ɗauke, aka tada janareta, talabijin ta zauna a kashe. Wani yaro ya ɗauki rimot ya kunna ta, bai san inda zai shiga ya dawo da bidiyon ba, sai ya saka abin da ransa ke so. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, laifina ne." Ranar da na haɗa na gwada komai, abu ɗaya kawai na manta: ban zare filogin na mayar ba, in ga abin da za ta yi da kanta.

Masu kemis, masu shagon waya, masu sayar da yadi da masu asibiti, duk buƙatar ɗaya suke zuwa min da ita, wato bidiyo ya riƙa juyawa ba tare da wani ya taɓa ba. Rabin aikin ba ya buƙatar injiniya. Ka zuba bidiyoyinka a filashi, ka soka a bayan talabijin, ka kunna na farko, ka shiga saitin bidiyon ka zaɓi Repeat All. Kusan kowace talabijin ta zamani tana da wannan, kuma kada ka bari wani ya caje ka kuɗi a kansa.

Ɗaya rabin ne mai wuya. Talabijin ɗin gida an ƙera ta ne da tunanin akwai mutum zaune a gabanta da rimot a hannu. In wuta ta tafi ta dawo, yawancinsu jira suke a kunna su, kuma ko an kunna ba sa komawa kan filashi sai an bi hanya an kai su. A ƙasar da ba a ɗauke wuta, sau ɗaya ake wannan hidima da safe. Mu nan a yini guda za a sauya daga wutar gari zuwa jen, daga jen zuwa inbata, sau nawa? Kowane sauyi yana katse tallarka.

Hanya biyu nake bi. Mai hali sai ya sayi allon da aka yi domin talla tun daga masana'anta. Samsung na da irinsu masu tafiya da manhajar MagicInfo, LG kuma na da SuperSign. Su ana iya saita su su kunna kansu da zarar wuta ta zo, su fara bidiyo, har ka sa musu lokacin tashi da na kwanciya. A takardarsu za ka ga an rubuta 16/7 ko 24/7, ma'ana awoyin da za su jure suna aiki a kullum. Sun fi na gida tsada sosai, kuma ba kowane shago ne ke buƙatarsu ba. Hanya ta biyu, wadda na fi yi wa ƙananan shaguna, ita ce a liƙa ƙaramin akwati a bayan talabijin ɗin da kake da ita: ko akwatin Android mai manhajar da ke buɗe kanta in ya tashi, ko ƴar kwamfutar nan Raspberry Pi mai kusan girman katin ATM. Akwatin zai fara bidiyo da kansa, amma sai ita ma talabijin ɗin ta yarda ta kunnu ta tsaya a kan HDMI. Wasu suna da wannan saitin a fili, wasu ya ɓuya a cikin abin da ake kira Hotel Mode, wasu kuma babu shi sam. Shi ya sa nake cewa a tambaya tun a shagon saye, kafin a ɗora kwali a kan Keke Napep.

Akwai kuma wani abin da ke ruɗa mutane. Talabijin ta yi ta aiki lafiya, can da azahar ta mutu da kanta, a ce ai ta samu matsala. Da yawansu suna zuwa da saitin da ke kashe su in an yi awa huɗu ba a taɓa rimot ba, saboda dokar tattalin wuta ta Tarayyar Turai. Ka nemi Auto Power Off ka rufe shi, magana ta ƙare.

Sai batun shi kansa bidiyon. In talabijin ta ƙi karanta shi, kada ka fara zargin filashi. Abin da kusan kowacce ke karɓa shi ne MP4 mai tsarin H.264. Tun 2017 wayoyin iPhone suke ɗaukar bidiyo da wani sabon tsari, HEVC, wanda tsofaffin talabijin ba su san shi ba. Manhajar HandBrake kyauta ce, tana juya shi a kwamfuta cikin mintuna. Filashin da ke kan tsarin FAT32 shi ne talabijin suka fi ganewa, sai dai ba ya karɓar fayil guda da ya haura 4GB. In an turo maka bidiyo ta WhatsApp, ka ce a turo shi a matsayin takarda, domin in ba haka ba zai matse shi, a waya ya yi kyau, a allo mai inci 43 kuma ya fito dishi-dishi. Mai ɗauka kuma ya kwantar da wayar, don bidiyon tsaye tsakiyar allo kawai yake cikawa, gefe da gefe baƙi.

YouTube kuwa ba na ba da shawararsa ko kaɗan. Ga cin data, ga tsayawa in sabis ya yi ƙasa, ga shi ba kai ke zaɓar tallar da za ta faɗo ba. Na taɓa tsayawa a wani shagon waya ina kallon tallar wani kantin intanet mai sayar da irin kayansu a kan talabijin ɗin da mai shagon ya saya da kuɗinsa. Haka nan waƙa ko fim na wani da ka saka don jan kwastoma yana da mai shi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi nuna irin waɗannan a bainar jama'a, kuma akwai ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin lasisi a madadin masu aikin, MCSN a ɓangaren waƙa, AVRS a ɓangaren fim. Ka ɗauki kayanka da kanka ka huta.

Abin da na fi jan kunnen masu shago a kai shi ne sauti. Bidiyon minti uku in ya juya daga ƙarfe takwas na safe zuwa takwas na dare, sau 240 ke nan. Kwastoma sau ɗaya ko biyu zai ji, amma yarinyar da ke kan kanta ita za ta sha duka, kuma wallahi kafin sati ya zagayo sai ta san yadda ta yi ta kashe shi. Ga lokacin kiran salla, ga mai ciniki da ke son a ji maganarsa. Ka yi bidiyon da za a gane ko babu murya, da rubutu manya wanda mai tsaye a bakin ƙofa zai karanta. In ka sa farashi, ranar da ya canja ka canja bidiyon, don na ga rigima a kan naira ɗari biyu, kwastoma yana nuna allo da yatsa yana cewa ga abin da aka rubuta.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sayi OLED ko tsohuwar Plasma don wannan aiki, tambarin da ya daɗe a wuri guda yana barin tabo a allonsu. Ka bar tazara tsakanin talabijin da bango saboda zafin bazara, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga ramukan iskarta, a haɗa ta da sitabilaiza. Rimot kuma ya zauna a aljihun tebur ɗin oga.

Shi wancan Alhajin, akwati na liƙa masa, na saita talabijin ɗin, sannan na miƙa masa filogin na ce ya zare da hannunsa. Ya zare, ya mayar, muka tsaya muna kallo har hoton farfesu ya fito. Kai ma duk wanda ya haɗa maka, kafin ka ba shi cikon kuɗinsa, ka ajiye rimot a gefe, ka zare filogin daga soket, ka ƙirga goma ka mayar. In bidiyon bai dawo da kansa ba, ka ce masa aiki bai ƙare ba.