Nasiha ga ɗana mai tsara kati a Garwa

Ɗana, Allah ya sa wa sana'arka albarka. Katunan ɗaurin aure da sanarwar Maulidi da kake tsarawa a CorelDRAW suna da kyan launi, wannan ba na ja. Rubutun cikinsu nake so mu zauna a kai.

Manhajar nan, wadda wani kamfanin Kanada ya fitar tun 1989, rubutu iri biyu gare ta. Akwai na ado, don kanu da sunan ango da amarya. Akwai na sakin layi, wanda sai ka ja masa akwati kafin ka zuba magana. Yaranmu da yawa na farkon suka riƙe. Sai su rubuta dogon bayani da shi, suna yanke layi da hannu, suna tura kalma da maɓallin tazara har ido ya ce ta daidaita. Ran da uban amarya ya dawo ya ce a ƙara sunan kawunta na Marwa, komai ya wargaje, a kwana ana gyara. Da akwati ka ja, da kalmomin sun matsa wa juna da kansu, kamar sahun salla idan mutum ɗaya ya shigo.

Tazarar da ke tsakanin layuka da ta tsakanin sakin layi duk suna da wurin saitawa. Saita su sau ɗaya ka huta. Kada layi ya hau kan layi. In akwatin siriri ne, kada ka tilasta wa gefe biyu su yi daidai, don ramuka za su buɗe tsakanin kalmomi. Jingina rubutun hagu ya isa.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. A Garwa kati ɗaya kan ɗauki Bismilla da Larabci, gayyata da Faransanci, addu'a da Fulatanci ko Hausa. Ba wa Larabcin akwatinsa daban, ya taso daga dama, ka tabbata haruffansa sun sarƙu da juna, domin sunan Allah ne. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da muka yi tarayya da Fulani, ƙ ta Hausa, ŋ ta Fulatanci, masana sun zauna a kansu a Bamako a 1966. Ba kowane salon haruffa ke da su ba. Wani sai ya bar maka ɗan akwati fanko a tsakiyar sunan mutum. Andika da Charis da Noto suna da su, kuma kyauta ne.

Kafin ka mai da rubutu zane don kai wa maɗaba'a, ajiye kwafin da za a iya gyarawa. Sannan ka buga ɗaya a farar takarda, ka miƙa wa wani dattijo a unguwarku ya karanta da babbar murya. Duk inda ya yi tuntuɓe, ɗana, koma ka gyara wurin kafin ka karɓi kuɗin mutane.