Ina Tona Take Zuwa Idan An Sake Sarrafa Takarda?

Bayan bidiyon da muka kwatanta firintar leza da ta inkjet, wani ya tambaya: in an jefa takardar ofis a kwandon sake sarrafawa, ya ake cire baƙin da ke jikinta?

Da farko, tona ba tawada ba ce. Hodar roba ce da aka haɗa da baƙin kabon, firinta ta narkar da ita da zafi ta manne a takarda. Shi ya sa takardar ke fitowa da ɗumi. To roba kam ba ta narkewa a ruwa.

A masana'anta ana zuba takardun a ƙatuwar tukunya da ruwa da soda da sabulu, a dama har su koma kamar kunu. A tsinka kunun sosai, zaren takarda ya zama kusan kashi 1 cikin 100, sannan a hura iska a ciki. Zaren takarda yana son ruwa, sai ya yi zamansa. Tona kuwa ba ta shiri da ruwa, sai ta maƙale wa ƙwayoyin iska su ɗago ta sama, ta taru a baƙar kumfa, a kwashe. Daga masu haƙar ma'adinai aka aro dabarar.

Matsalar tana wajen girma. Iska ta fi iya ɗaukar ɓarɓashi mai mikron 10 zuwa 100, wato kaurin gashin kai ko ƙasa da haka. Ita kuwa tona ɓallewa take yi fale-fale, manya, wasu ma da zare manne a jiki. Sai su faɗo a hanya, sabuwar takarda ta fito da ɗigo-ɗigon baƙi, darajarta ta faɗi. Don haka ake bi da kunun ta injin murza ya farfasa su, a sake hura iska karo na biyu.

Kar masu inkjet su yi dariya tukuna. Tawadarsu ta ruwa ce, ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta, iska ba ta kama su, sai su rine kunun gaba ɗaya. A Jamus, ƙungiyar INGEDE, wadda aka kafa a 1989, tana da gwajin da ake auna wannan da shi, kuma ta daɗe tana kuka da ruwan tonar injinan HP Indigo. A ganina, ta wannan fuskar, leza mai busasshiyar hoda ta fi sauƙin sha'ani.