Atili, Zaitun na Ƙasarmu: Jagora ga Manoman Jere da Kudancin Kaduna

Manoma kan tambaye mu ko itacen zaitun zai yi a ƙasar Jere da Kafanchan, ganin irin tsadar da mansa yake yi a kasuwa. Amsa ita ce itacen zai iya rayuwa, amma da wuya ya ba da 'ya'yan kirki. Asalinsa na ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, kuma Sifen ce ta fi kowace ƙasa samar da mansa. Kafin ya yi fure sai ya sha sanyin hunturu na makonni da dama a jere, irin wanda namu hunturun bai cika kaiwa ba. Haka kuma ba ya son yawan laima, alhali ruwan sama a yankin Kafanchan yakan kai kimanin milimita 1,500 a shekara. Saboda haka manomi ya yi hattara kafin ya zuba kuɗinsa wajen sayen dashensa.

Amma muna da atili, wanda Turawa ke kira zaitun na Afirka. Kamannin 'ya'ya da yawan mai ne kawai suka haɗa su, domin a ilimin tsirrai atili ɗan'uwan ararraɓi da dashi ne. Shi ya sa idan aka sari ɓawonsa yake fitar da ƙaro mai ƙamshi, wanda ake ƙonawa a matsayin turare. Babban itace ne da kan kai mita 40 a kurmi, kuma yana yi sosai a kudancin Kaduna da ƙasar Pankshin ta Jihar Filato.

Yadda ake sarrafa shi

Ɗanyen zaitun ɗaci gare shi, sai an jiƙa shi cikin ruwan gishiri na makonni. Atili kuwa ba ya bukatar wannan wahala. A wanke 'ya'yan da suka nuna suka yi baƙi, a zuba su cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, a rufe har su yi laushi. A lura da kyau: tafasasshen ruwa taurara shi yake yi, kuma wanda ya taurara haka ba ya komawa. Nan ne masu koyo suka fi yin asara. Idan ya yi laushi sai a ci, ko a kirɓa naman a tace mai. Busasshen naman yana ɗauke da mai kimanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ko ƙwayar da ke cikin ƙwallon ana ci.

Shuka da kulawa

Ƙwallon atili yana da tauri, don haka yana jinkirin tsira. A jiƙa shi kafin a shuka a leda, a yi dashe idan damina ta zauna. Itacen yana da namiji da mace, kuma macen ce kaɗai ke haihuwa. Tun da ba a gane su suna ƙanana, a dasa da dama, kada a dogara da guda ɗaya. Ya fi dacewa a sa shi a iyakar gona, domin idan ya girma inuwarsa za ta yi wa citta da masara yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sare manyan itatuwan don katako da gawayi. Kuɗin katako sau ɗaya ake karɓa, sabon dashe kuwa sai ya yi shekaru kafin ya fara 'ya'ya. Idan sara ya zama dole, a bar matan, a kuma bar namiji ko da ɗaya ne a kusa da su.