Yadda Yaran Engadin Suke Korar Sanyi

Can a tsakiyar Turai akwai wata ƙaramar ƙasa da ake kira Suwizalan. Ba ta da bakin teku ko kaɗan, yawancinta kuwa manyan duwatsu ne waɗanda ake ce da su Alps. A kusurwarta ta kudu maso gabas, dab da iyakar Italiya da Ostiriya, akwai wani dogon kwari mai suna Engadin. Ko da yake kwari ne, yana can bisa ƙwarai, gama garin San Moritz da ke cikinsa ya yi wajen mita 1,800 sama da teku. Dutsen da ya fi tsawo a wurin, watau Piz Bernina, ya haura mita 4,000. Mutanen kwarin suna da harshensu na gado da ake kira Romansh, suna kuma jin Jamusanci.

Sanyin wannan wuri ba irin hunturunmu ba ne. Tun daga watan Nuwamba dusar ƙanƙara take fara zuba, fara fat kamar shiƙaƙƙiyar auduga, ta rufe gonaki da hanyoyi da rufin gidaje, ba ta gama narkewa sai wajen Afrilu. Ruwan tafki yakan daskare ya zama kamar dutse. Ba ko tsinken ciyawa a fili. Saboda haka tun da sauran ɗumi manoma suke yanke ciyawa su shanya, su tara ingirici. Cikin Satumba sai su gangaro da shanunsu daga kan duwatsu su shigar da su gida. A tsofaffin gidajen Engadin, ɗakunan mutane da garken shanu da rumbun ingirici duk ƙarƙashin rufi ɗaya suke. Bangon yana da kauri, tagogin kuwa ƙanana ne, don kada ɗumi ya fita.

Dusar ƙanƙara tana da kyaun gani, amma tana kisa. In ta taru da yawa a jikin dutse, takan zaftaro gaba ɗaya da ƙugi mai ban tsoro, ta danne duk abin da ta tarar. A sanyin shekarar 1951 ta kashe mutum 98 a Suwizalan, har da mutanen wani garin Engadin mai suna Zuoz. To, kun ga mutanen da ke zaune a irin wannan wuri dole su ƙosa su ga bayan sanyi. Amma ba su zauna sun yi tagumi ba. Kowane wata yana da nasa biki.

Cikin Janairu samari suna yin wani hawa da suke kira Schlitteda. Kowane saurayi yakan ɗaura wa doki wani ɗan keke marar ƙafa, wanda ke sulɓi bisa ƙanƙara. Budurwa ta zauna gaba cikin jajayen tufafin gargajiya, shi kuwa yana baya riƙe da linzami. Haka za su jeru su bi ƙauyuka har yamma. Dā na marasa aure ne kaɗai, yanzu ma'aurata ma suna shiga.

Ran Asabar ta farko ga Fabrairu kuma sai 'yan makarantar garin Scuol su taru a dandali. Sukan ɗauki karan wani hatsi ɗan'uwan alkama su tufka igiyoyi masu kauri, su yi ta naɗa su jikin wani dogon gungume mai tsawon mutum huɗu ko biyar. Sunan wannan abu Hom Strom, watau mutumin kara. In dare ya yi a kai shi bayan gari a tsayar, a cinna masa wuta, jama'a suna kewaye suna waƙa.

A San Moritz kuwa sanyi ya zama dukiya. Ana ba da labari cewa a 1864 wani mai masaukin baƙi, Johannes Badrutt, ya ce wa waɗansu Turawan Ingila su komo da sanyi, in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka komo, suka tarar da rana tana haskakawa bisa farar ƙanƙara, suka zauna wata da watanni. Tun daga nan baƙi ba su yanke ba. Sau biyu aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a garin, a 1928 da 1948. Tun 1907 kuma ake sukuwar dawaki cikin Fabrairu, a ina kuke tsammani? A bisa tafkin garin! Akwai ma wani tsere da ba a hawan dokin. Mutum yakan ɗaura dogayen katakai biyu masu santsi a ƙafafunsa, ya riƙe igiya, doki ya ja shi a guje. Kafin a saki doki ko ɗaya sai an auna kaurin ƙanƙarar, gama ƙarƙashinta ruwa ne mai zurfi. A 2017 ta tsage a wani wuri, doki ya faɗi, mahayinsa ya ji ciwo mai tsanani, aka dakatar da sukuwar ranar.

Amma bikin da ya fi kowane daɗi shi ne na ƙarshe, domin na yara ne kamarku. Ana yinsa ran 1 ga Maris. Suna rubuta sunansa Chalandamarz, ku kuwa ku faɗe shi Calanda-marts, ma'anarsa ranar farko ta Maris. A wurin Rumawan dā can, wannan wata shi ne farkon shekara, kuma a ƙauyukan Engadin a ranar ne akan naɗa sababbin shugabannin gari.

Tun da sauran kwanaki ake shiri. Ana koyon waƙoƙi a makaranta, 'yan mata suna yin furanni da takarda mai launi don a maƙala a huluna, yara maza suna bin manoma neman aron ƙararrawar shanu. Ku sani, a ƙasar nan ana rataya wa shanu ƙararrawa a wuya, domin in saniya ta ɓace cikin hazo a kan dutse a ji inda take. Akwai ƙanana kamar kofin shayi, akwai kuma manya waɗanda yaro ba ya ɗauka sai da nishi.

Ranar bikin da sassafe yara sukan fito cikin shuɗiyar riga irin ta manoma, da jar hula, kowa da ƙararrawarsa ɗaure a jiki. Manyan yara su ne makiyaya, sauran su ne shanu. Masu manyan ƙararrawa suna gaba, masu ƙanana suna can baya. Sai su kewaya wuraren ɗiban ruwa na unguwa, su bi gida gida suna kaɗawa iyakar ƙarfinsu, waɗansu suna kaɗa dogayen bulalu suna ƙara kamar bindiga. Nufinsu su firgita sanyi ya gudu, su ta da ciyawa daga barci, shanu su sami abin ci. In sun tsaya sun yi waƙa, masu gida sukan ba su alewa da abinci da kuɗi, kusan yadda ake yi wa masu tashe da azumi. A garuruwa da yawa kuɗin yakan shiga asusun tafiyar buɗe ido ta 'yan makaranta. Daga baya a yi rawa. Dā maza kaɗai ke ɗaukar ƙararrawa, amma yanzu a garuruwa da yawa 'yan mata ma suna ɗauka.

Ba yaron da ke son zama a ƙarshen layi. Har akwai wani littafin yara sananne, Schellen-Ursli, wanda Selina Chönz ta rubuta, Alois Carigiet ya zana hotunansa, aka buga shi a 1945. Labarin wani yaro ne da aka ba shi ƙararrawar da ta fi ƙanƙanta, abokansa suka yi masa dariya. Sai ya hau dutse shi kaɗai cikin ƙanƙara zuwa bukkar da iyayensa ke zama lokacin kiwo, ya kwana can, iyayen suna ta nemansa hankali tashe. Da gari ya waye ya sauko da babbar ƙararrawa, ya shige gaba.

Shin sanyin yana gudu ran nan? A'a. In yara sun mayar wa manoma ƙararrawarsu, ƙanƙara tana nan jibge a ƙofar gida. Sai cikin Yuni ciyawa take isa a kan duwatsu, sa'an nan a rataya wa shanu ƙararrawar, a kora su sama.

Tambayoyi

1. Don me manoman Engadin suke tara ingirici?
2. Me ya faru a Suwizalan a sanyin 1951?
3. Da me ake yin Hom Strom, kuma me ake yi da shi da dare?
4. Don me ake auna ƙanƙarar tafki kafin sukuwa?
5. Ku nemo Suwizalan a taswira, ku rubuta sunayen ƙasashen da suka yi iyaka da ita.