Yadda Ake Bin Sawun Kakan Da Ya Ɓace

A gidaje da yawa akwai kakan da ba a san inda ya ƙare ba, sai dai a ce ya yi gabas. Ga yadda za a bi sawunsa.

Da fari, a je wurin tsofaffi tun suna da rai. A tambayi sunansa na yanka, da laƙabinsa, da sunan ubansa, da sana'arsa, da irin tsagen fuskarsa. Wanda ake kira Tanko a gida, watakila Malam Umaru Bakano ake ce masa a baƙon wuri.

Na biyu, a gano lokacin tafiyarsa. Mutanen da can da manyan al'amura suke lissafi. Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso can a 1911, annobar mura kuwa ta auku a 1918.

Na uku, a duba inda mutanen zamaninsa suka nufa. In a 1903 ya fita, mai yiwuwa ya bi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya rasu a yaƙin Burmi. Waɗansu da suka tsira sun zarce Sudan, zuriyarsu na nan a Maiurno. In kuwa falke ne mai fataucin goro, a bincika zangunan Salaga da Kumasi.

Sa'an nan a leƙa Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin haraji na gundumomi suke. Amma a kula, suna ya kan zo ɗaya. Kada a ce an same shi sai shaidu biyu sun dace.