Tseren Tirayatilon: Iska, Tsoka da Sauyin Dabara

Tirayatilon tsere ne mai kashi uku: iyo, da tuƙin keke, da gudu, a jere ba hutu. An fara shi a birnin San Diyego na Amurka a 1974. A 1978 aka ƙirƙiro mai tsawon, wato Ironman, a Hawai: iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42. Mutum 15 suka shiga, 12 suka kammala, Gordon Haller ya yi na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Na gasar Olimfik ya fi gajarta: kilomita 1.5, da 40, da 10.

Abin da ya shafe mu a darasin nazarin halittu shi ne yadda ɗan tsere ke kashe kuzarinsa. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin, kimanin giram 500, kuma aiki mai tsanani yakan cinye shi cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Rumbun ƙarami ne. Dabarar tseren duka ta dogara ga inda za a kashe shi.

Babban mai cin wannan kuzari a kan keke ita ce iska. Ɗalibin da ke tuƙa keke daga Hunƙuyi zuwa Kudan, ko a kan hanyar Makarfi zuwa Ikara, ya san yadda iskar hunturu ke tokare ƙirji. Idan saurin keke ya ninka sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu. Amma wanda ya laɓe dab da bayan wani yakan rage wahalarsa da kimanin kashi 30 cikin 100.

Da farko doka ta hana wannan laɓewa, don haka kowa da ƙarfin ƙafarsa. A 1989 Mark Allen da Dave Scott suka yi kusan awa takwas kafaɗa da kafaɗa a Hawai, kafin Allen ya tsere da tazarar daƙiƙa 58. A 1995 hukumar wasan ta duniya ta halatta laɓewa a gasarta, ko da yake Ironman bai bi ta ba. Nan take tseren ya sauya kama. Mahaya suka riƙa tafiya a ayari, kowa na tattalin ƙarfinsa, sai a gudu ake rabuwa. Haka Simon Whitfield na Kanada ya fito daga can baya ya ci zinare a Sidni a 2000. A ganina, a shekarun nan keken ya kusa zama rakiya kawai.

'Yan'uwa biyu daga Ingila, Alistair da Jonathan Brownlee, su suka warware wannan. Sukan matsa tun daga iyo, su hau keke da zafi, don ayarin ya tarwatse, gwanayen gudu kuma su isa filin gudun rumbunsu ya yi ƙasa. Alistair ya ci zinare a 2012 da 2016. Dabarar tana da tsada. Tsoka tana mayar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na kuzarinta zuwa motsi, sauran ya zama zafi. A Satumba 2016 a Kozumel ta Meziko, zafi ya rinjayi Jonathan yana dab da ƙarshe, har sai da yayansa ya riƙo shi suka ƙarasa.

Daga baya 'yan ƙasar Norwe, irin su Kristian Blummenfelt da ya ci zinare a Tokiyo a 2021, suka mayar da hankali ga awo: ana ɗaukar ɗigon jini lokacin atisaye a auna sinadarin laktet, don sanin saurin da jiki zai iya riƙewa. A dogon tsere kuma ana shan sukari a hanya, giram 90 ko fiye a kowace awa. Manomin Makarfi da ke tsotson rake ko mazarƙwaila a tsakiyar aiki bai yi nisa da wannan hikima ba.

Malamai na iya gwada wannan a filin makaranta. Ɗalibai biyu su hau keke da matsakaicin sauri na minti biyar, ɗaya gaba ɗaya baya, da tazarar tsawon keke guda don gudun karo. A ƙirga bugun zuciyar kowanne a wuyan hannu na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Bayan hutu su musanya matsayi, a sake ƙirgawa, a kwatanta.