Yaya Zan Faɗa wa Dattijo Gaskiya?

Tambaya: Ni mai bishara ne a wani ƙauye tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Wani dattijon ikilisiyarmu, sa'an mahaifina, yana sayar da geron gidansa ya sha burkutu, iyalinsa na kwana da yunwa. Ina jin nauyinsa. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kunyar manya tarbiyya ce, amma shirunka ba zai ɗora tukunya a gidan nan ba. Kada ka yi masa habaici a wa'azin Lahadi, domin wanda aka tona wa asiri gaban jama'a taurin kai yake ƙarawa. Matiyu sura 18 ta tsara hanya: ku biyu tukuna, sannan shaida ɗaya ko biyu, ikilisiya daga ƙarshe.

Ka same shi a zaurensa da safe, lokacin da yake cikin hayyacinsa. Tuɓe takalmi, zauna ƙasa, ku gaisa sosai. Sai ka ce, "Baba, da kaka rumbunka cike yake, ga shi tun bazara ba ta yi ba yara suna cin abinci a maƙwabta. Me ya faru?" Yi shiru ya amsa. Kada ka ce matarsa ce ta kawo ƙara, don kada fushin ya sauka kanta.

Kada ka zage shi; ko Annabi Natan bai zagi Sarki Dawuda ba. Labarin tunkiyar talaka ya ba shi, sarki ya yanke wa kansa hukunci.

Ku yi addu'a, ku tsayar da abu ɗaya: awon mako ya riƙa shiga hannun uwargida. Ka koma bayan kwana bakwai. In ya ƙi ji, tafi da dattijo sa'ansa. In kuwa yana dukan iyalinsa, kada ka jira, sanar da fasto yau.